Rubutun Mako: Marubuci Ba Ɗan Aiken Tsoro Ba Ne



Akwai wani labari da ba ya mutuwa. Duk bayan shekara biyu ko uku sai a tono shi, a kaɗe masa ƙura, a sauya kwanan wata, a sake watsa shi a Facebook da WhatsApp. Wai Turawa sun gina wata na'ura a ƙarƙashin ƙasa, ranar kaza za su kunna ta, za ta buɗe ƙofar aljannu ko ta haifi baƙin rami ya haɗiye duniya. Wanda ya ƙirƙiro labarin a Amurka ko Turai ba ya jin Hausa. Kafin labarin ya shiga kunnen tsohuwa a Bungudu sai da ya bi ta hannun wani mai iya rubutu, ya fassara shi, ya ƙara masa gishiri, ya rufe da “tura wa mutum goma”. Mutumin nan namu ne. Da shi nake yau, kuma ba da wasa ba.

Mu fara da na'urar. Tana nan, ba tatsuniya ba ce. Sunanta LHC, mallakar cibiyar binciken CERN, a kan iyakar Suwizalan da Faransa kusa da birnin Janiba. Zobe ne mai kewayen kilomita 27, a zurfin kimanin mita 100. Aikinta ta koro ƙwayoyin furoton, waɗanda ke cikin cibiyar ƙwayar zarra, da gudun da ya kusa na haske, ta gwara su da juna, masana su duba abin da ya fito. An fara kunna ta ranar Laraba 10 ga Satumba 2008. Kafin ranar, wasu mutum biyu, Walter Wagner da Luis Sancho, sun kai ƙara wata kotu a Hawai ta Amurka a hana, kotu ta kori ƙarar. Bayan kwana tara da kunnawa na'urar ta samu matsalar lantarki, aka kashe ta, ba ta dawo ba sai Nuwamba 2009. Duniyar da aka ce za ta haɗiye ce ta zauna ta yi fiye da shekara tana jiran a gyara ta. Ranar 4 ga Yuli 2012 aka sanar da gano ƙwayar Higgs da ita. Ranar 5 ga Yuli 2022 aka soma sabon zango da ƙarfin da ya fi na baya, aka sake yaɗa cewa ƙarshe ya zo. Gari ya waye, kowa ya tafi kasuwa.

Me ya sa masana ba su tsorata ba? Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Ƙarfin karo guda a cikin na'urar bai wuce na sauro goma sha uku ko sha huɗu a cikin tashi ba, abin mamakin kawai shi ne an matse shi a wuri ɗan mitsitsi. Na biyu kuma, irin wannan karon ba sabon abu ba ne a halitta. Dare da rana akwai ƙwayoyi da ke zubowa daga sararin samaniya suna dukan iskar da ke lulluɓe da duniya, wasunsu da ƙarfin da ya zarce na LHC nesa ba kusa ba. Haka suke dukan wata da rana da taurari tun fil azal. Da irin wannan karon yana haifar da ramin da ke cinye duniya, da ba a kai ga haihuwar kakanninmu ba. Wannan ita ce hujjar da kwamitin binciken lafiyar na'urar ya wallafa a 2008, kuma shekarun da suka biyo baya ba su ƙaryata ta ba.

Mu 'yan Zamfara ba mu da uzurin ruɗewa, domin mun ga bambancin lissafi da shaci-faɗi da idanunmu. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, wajen ƙarfe goma da rabi na safe, inuwar wata ta bi ta kan Gusau da Bungudu da Tsafe, ta wuce Katsina da Maradi. Rana ta rufe ɗungum na mintoci uku da ɗoriya, gari ya yi duhu da hantsi. Masana taurari sun buga taswirar hanyar inuwar da lokacinta shekaru kafin ranar. Sun faɗi rana, sun faɗi wuri, sun faɗi minti, kuma haka Allah ya nufa ya kasance. Ga ma'auni a hannunku: magana ta ilimi tana ba ka abin da za ka gwada ta da shi, idan ta saɓa ta faɗi. Mai labarin tashin duniya kuwa idan ranarsa ta wuce ba ya dawowa ya ce komai. Sai ya yi shiru, ya jira a manta, ya kawo wata ranar. A Afrilu 2024 ma, da aka yi husufin rana a Amurka, an haɗa shi da CERN, aka sake kaɗa gangar.

Wani zai ce ai nishaɗi ne, wa aka cuta? An cuci mutane. A ranar da aka kunna LHC a 2008, wata yarinya 'yar shekara 16 a jihar Madhya Pradesh ta Indiya ta sha guba ta mutu, iyayenta suka ce rahotannin tashin duniya da ta yi ta kallo a talabijin ne suka firgita ta. A Janairu 2001 husufin wata ya zama sanadin tarzoma da ƙone-ƙone a Maiduguri. A Agusta 2014 saƙon waya ya tayar da Najeriya cikin dare a yi wanka da ruwan gishiri a sha don maganin Ebola, aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai wanda ya tsara kalmominsa.

Wani kuma zai ce, to Turawan nan abin yarda ne? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau, shari'ar ta ɗauki shekaru kafin a yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Zargi yana da tushe. Amma ku lura da yadda maganar Kano ta fito fili: 'yan jarida da lauyoyi da iyaye suka bi takardu, suka kawo sunaye da ranaku da adadi. Wannan shi ne aikin mai zargi na gaskiya. Wanda ya kwafi bidiyon TikTok ya juya shi Hausa bai zargi Bature ba, dako ya yi wa wani Baturen kyauta.

Dubi yadda ake gina ƙaryar, domin darasin fassara ne. Ana cewa suna neman “ƙwayar Ubangiji”, wa'iyazu billahi. Laƙabin ya fito ne daga sunan wani littafi na Leon Lederman na 1993, kuma Peter Higgs kansa, wanda ya samu kyautar Nobel a 2013 tare da François Englert, bai so laƙabin ba. Ana nuna gunkin Shiba a harabar CERN a ce ga shaida. Kyauta ce gwamnatin Indiya ta bayar a 2004. Mai fassarar da ya ɗauki laƙabin talla ya mayar da shi aƙida ya ci amanar harshe biyu lokaci guda. Abin dariyar ma, shafukan yanar gizo da ake yaɗa labarin a kansu a CERN ɗin aka ƙirƙiro tsarinsu, Tim Berners-Lee ne ya gabatar da shi a 1989.

Masu fakewa da wa'azi kuma su ji tsoron Allah. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa sanin lokacin tashin alƙiyama na Allah ne shi kaɗai. Da rana ta yi husufi a ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), mutane suka danganta abin da rasuwar, shi da kansa ya gyara musu, ya umarce su da salla. Wanda ya rubuta cewa ranar Talata mai zuwa injin wasu zai tashi duniya ba ya taimakon addini da komai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne an bar jaki ana dukan taiki. A 2010, shekarar da LHC ta fara gwara ƙwayoyi gadan-gadan, wani abu da ido ba ya gani yana kashe yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ƙurar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara lura da yawan mace-macen, yara fiye da 400 suka rasu, garin Bagega bai samu a kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa ba sai 2013. Wannan kimiyya ce, a ƙofar gidanmu, da Hausa ya kamata a bayyana ta. Labari nawa muka rubuta a kanta? Gajeren labari guda da zai sa uwa ta hana a niƙa dutse a tsakar gida ya fi rubutu dubu a kan ƙofar aljannu a Suwizalan.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce a daina ƙirƙira ba. Tun 1969 Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, kuma bai yaudari kowa ba, domin mai karatu ya san labari yake karantawa. Kana son injin da zai tsaga sama a kan Kwatarkwashi? Bismillah, rubuta, mu karanta mu yaba. Sharaɗi ɗaya ne: ka rubuta “ƙagaggen labari” a samansa, kada ka rubuta “bincike ya tabbatar”.

Kafin ka saki irin wannan rubutu, tambayi kanka abu uku. Wa ya faɗa, da sunansa? Yaushe, kuma an taɓa faɗar haka a baya ranar ta wuce? Idan ƙanwata ta karanta ta gaskata, me za ta aikata? In ka kasa amsa ɗaya, ajiye wayar. Masu sharhi ɗari biyar ba su kai darajar sunanka ba, kuma ranar da ka zo da gargaɗin gaske, irin na dalma ko kwalara, mutanen da ka saba firgitawa a banza ba za su saurare ka ba.

Allah ya sa alƙalumanmu su zama hujja gare mu, ba a kanmu ba.