Ra'ayinmu: Cika Takarda Daban, Warkar da Majinyaci Daban

Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja ya san cewa ruwan da ke raya shinkafarta da alkamarta da kifinta, shi ne kuma ke datse wa mutanenta hanya idan damina ta yi nisa, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022, sa'ad da garuruwa da yawa a Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri suka koma sai da kwale-kwale. Matar da naƙuda ta kama a irin wannan lokaci, aka sha wahalar fito da ita bakin titi, aka nemi mota har aka iso da ita asibiti, ba ta da bukatar sanin ko rajistar ɗakin haihuwa a cike take. Abin da ya dame ta, ita da danginta, shi ne ko za a gane ciwonta da wuri, a samu magani a kusa, ta koma gida da ranta da jaririnta. Wannan mas'ala muke so hukumomin lafiya na Jihar Jigawa su dube ta da idon basira, watau bambancin da ke tsakanin bin ƙa'ida da kyautata aiki.

Ba mu raina ƙa'ida ba, kuma ba mai hankalin da zai raina ta, domin tun a shekarar 931 Miladiyya, bayan wani majinyaci ya rasu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya umarci Sinanu ɗan Sabitu da ya jarraba likitocin birnin, kada a bar kowa ya taɓa majinyaci sai wanda aka ba izini. A ƙasarmu ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti mallakar takardar shaidar cika sharuɗɗa, ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuɗin da ba ya isa hannun ƙaramin asibiti sai ya cika wasu sharuɗɗa na lissafi da rahoto. Ita kanta Jigawa, a 2007 ta taɓa kafa tsarin Gunduma, ta kasa jihar gida tara, domin a haɗa ƙananan asibitoci da manya a ƙarƙashin kulawa ɗaya. Duk waɗannan maslaha ce, kuma da babu su da ɓarnar ta fi haka.

Amma malaman fiƙihu sun daɗe da karantar da mu cewa ibada tana iya cika sharuɗɗanta na zahiri, alƙali bai da abin cewa a kanta, alhali ba ta kai matsayin ihsani ba. To, haka aikin asibiti yake. Sufeto yana tambayar ko akwai abu kaza, ko an rubuta abu kaza, ko an sa hannu a wuri kaza, kuma ana iya amsa masa duka da gaskiya, mutane kuwa na ci gaba da mutuwa a kan gado. A 2018 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kimanin mutum miliyan 5 ke rasuwa kowace shekara saboda raunin kulawar da suka samu bayan sun je asibiti, adadin da ya zarce na waɗanda suka rasu don ba su je ba sam.

Akwai hujja bayyananniya a kan wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata 'yar takarda ta abubuwan da za a tabbatar kafin tiyata da bayanta, kuma da aka jarraba ta a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, inda aka zaunar da ma'aikata aka fahimtar da su manufarta, rahoton 2009 ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin 100. Sai lardin Ontariyo na Kanada ya mai da irinta tilas a kan asibitocinsa, kowa ya riƙa cikewa yana kai rahoto, amma binciken da aka buga a 2014 bai ga wani sauyi na a zo a gani ba. Takardar iri ɗaya ce, niyyar masu riƙe da ita ce ta sha bamban.

Misali mafi kusa da mu shi ne binciken zubar jini bayan haihuwa da aka buga a 2023, wanda aka gudanar a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana jagorantar ɓangaren Nijeriya. Magungunan da aka yi amfani da su duk sanannu ne, suna nan rubuce cikin ƙa'idoji tun tuni. Abin da aka sauya shi ne yadda ake aikin: aka shimfiɗa wa mai jego leda mai ma'auni domin ungozoma ta daina kintatar jinin da ido, aka tara magunguna da kayan ƙarin ruwa wuri ɗaya kusa da gado, aka horar da ma'aikata su ba da su gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan aka riƙa nuna wa kowane asibiti sakamakon aikinsa. Da wannan, zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kashi 60 cikin 100. Ga Nijeriya, ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita kaɗai ke ɗauke da fiye da rubu'in matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya, wannan darasi bai kamata ya tsaya a cikin mujallu ba.

Babban abin da ke hana irin wannan gyara shi ne tsoro. Inda duk aka san cewa ƙarshen bayyana kuskure shi ne takardar tuhuma ko canjin wurin aiki, ma'aikaci zai koyi ɓoye kuskurensa, rajista ta yi kyau, shugabanni su yi ta yanke shawara a kan lissafin da ba shi da asali. Kuma zalunci ne a ɗora wa ungozoma ɗaya laifin daren da ta kwana ita kaɗai a kan mata masu yawa, babu wuta, babu jinin da za a ƙara. Imaninmu da ƙaddara bai ɗauke mana wajibcin binciken sababi ba, domin rai amana ne.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa da ta tabbatar ana zaman bitar kowace mutuwar mai haihuwa da ta jariri a asibitocin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, zama na neman dalili da gyara, wanda za a raba shi da zaman ladabtarwa. A riƙa auna shugaban asibiti da abin da ya sami majinyatansa, kamar tsawon lokacin da mace ta jira kafin a shiga da ita tiyata, da yawan kwanakin da muhimman magunguna suka yanke. A kai magunguna da ma'aikata garuruwan fadama tun kafin ruwa ya rufe hanya. Hakimai da dagatai da kwamitocin mazaɓu kuma su riƙa tambayar wannan sakamako a madadin talakawansu, domin haƙƙinsu ne su sani. Asibitin da ya ci jarrabawar sufeto ya sauke farillar hukuma kawai. Nauyin majinyaci yana nan a wuyansa har sai an ga mace-macen da za a iya kauce musu suna raguwa shekara bayan shekara.