Ruwa muna da shi, banda da hanya ne babu



Duk wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari ya ga busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda Ibo ke kira okporoko. Yawancinsa daga Norway yake zuwa, daga tsibiran Lofoten da ke can ƙuryar arewacin duniya, inda a tsakiyar hunturu ake yin makonni rana ba ta fito ba. Mutanen tsibiran gaba ɗaya ba su kai 30,000 ba. Ƙaramar hukumar Minjibir kaɗai ta haura mutum 200,000 a ƙidayar 2006, haka ma Dambatta. Amma su ne ke sayar mana da kifi, har da kawunansa.

Me ya sa? Ɗaruruwan shekaru ke nan suna rataye kifi a kan katako daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, iska da sanyi su busar da shi. Kifin da ya bushe ba ya gaggawa, yana jiran mai saye. Sannan gwamnatinsu ta haɗa garuruwan da gadoji da titi, a 2007 ta sada tsibiran da babban yankin ƙasar.

To mu fa? Madatsun ruwan da aka faro tun zamanin Gwamna Audu Bako suna nan: Tomas a wajen Dambatta, Wasai a Minjibir, Watari a Bagwai, Gari a Kunchi. Ƙauyukan da a da noma kawai suka sani sun samu masunta. Ga matasa suna ta gina kududdufin tarwaɗa a bayan gida, tunda gona ta yi mana kaɗan, gado sai ƙara tsattsaga ta yake.

Sai dai mun tattara hankalinmu kan 'ya'yan kifi da abinci, mun manta da ranar sayarwa. Mai ɗanyen kifi bawan dillali ne. Ka kwashe tarwaɗarka da safe, rana na yi, hanyar ƙauye ta lalace da damina, mota ba ta shigowa. Dillali ya san ba za ka mayar da ita ruwa ba, abin da ya taya shi za ka sallama. Wata huɗu ko biyar na wahala, wani ya kwashe ribar cikin awa guda.

Wani zai ce ai su suna da sanyi, mu zafi ne. Gaskiya ne. Amma muna da rana da hunturu, kuma banda sana'ar kakanni ce. Kifin Baga ba da banda ya kai har Kudu ba?

Shawarata uku ce. Masu kududdufi goma su haɗa kuɗi su gina murhun banda ɗaya mai tsafta, kafin kowa ya ƙara kududdufi na biyu. Ƙungiyoyin masunta su je wa shugabannin ƙananan hukumomi da magana ɗaya: a gyara hanyar bakin dam zuwa kwalta. Sarakunan ruwa kuma su hana su da gidan sauro, don wanda ya kwashe 'ya'yan kifi bana, me zai kama baɗi?

Ku da ke kusa da waɗannan madatsu, nawa dillalai ke tayawa kilo a wajenku? Ku faɗa mana.

Allah ya sa albarka a nemanmu.