Haƙurin Da Ake Ɗora Wa Fasinja Shi Kaɗai



Akwai wata kalma mai daraja da ake wulaƙantawa a filayen jiragen samanmu, wato haƙuri. Jirgin ƙarfe tara na safe ya koma na la'asar, da dare kuma a soke shi, babu bayani balle ruwan sha. Sai a ce da jama'a su yi haƙuri, haka Allah Ya ƙaddara.

Ni ban yarda a fake da ƙaddara a ci amana ba. Tikiti yarjejeniya ce, kuma da umarnin cika alƙawura Suratul Ma'ida ta fara. Kamfanin da zai auna jakarka ya karɓi kuɗin kowane kilo da ya ƙaru, ya rufe maka ƙofa don ka makara da minti goma, shi ne zai cinye maka yini guda ko a jikinsa. In ba wannan ne tauye mudun da Suratul Muɗaffifina ta yi gargaɗi a kansa ba, to mene ne?

Cutar ta daɗe. Iyayenmu suna ba da labarin kwanakin da suka yi a sansanin alhazai, kan tabarma, suna jiran jirgi. Kamfanin Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, a 2006, amma a 2022 ɗaruruwan maniyyatan Kano sun rasa Hajji saboda ba a kwashe su a kan lokaci ba. An sake riga, hali yana nan.

Za a ce akwai hazon hunturu da lalacewar inji. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai so a tashi da shi cikin haɗari. To hazon ne ya hana a faɗa wa mutane gaskiya?

Ɗan uwa, san haƙƙinka. A dokar hukumar sufurin jiragen sama, NCAA, idan jirgin cikin gida ya yi jinkirin awa biyu, wajibi ne a ba ka abin taɓawa. Idan ya wuce awa uku, kana iya neman kuɗinka. Kada ka zagi ma'aikaciyar da ke kan tebur, ba ita ta tsayar da jirgin ba. Adana tikitinka, rubuta ƙorafi, ka bi shi har ƙarshe. Haƙuri ibada ne, amma yin shiru ga mai tauye haƙƙi ƙara masa ƙarfi ne a kan na bayanka.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.