Mudu Ɗaya Ga Kowa

'Yan'uwa manoma, duk mun san halin maƙwabcin da kan tura kunyarsa cikin gonar wani da ruwan shuka. Kunya ɗaya bana, ɗaya baɗi, kafin a farga gamban iyaka ya tashi daga wurinsa. To, siyasa ma tana da irin wannan iyaka, wato iyakar mazaɓa. Ita ke nuna waɗanda za su haɗu su zaɓi wakili ɗaya. In ta karkace, rabon jama'a ya karkace.

Mu duba gida. Gyaɗi-Gyaɗi ta Arewa da ta Kudu suna cikin gundumomi 10 na Ƙaramar Hukumar Tarauni. Tarauni kuwa ita kaɗai tana da kujera ɗaya cikin kujeru 24 na Jihar Kano a Majalisar Wakilai. A ƙidayar 2006 mutanen Tarauni kimanin 220,000 ne, maƙwabciyarmu Nasarawa kuwa ta kusa 600,000. Amma ita ma wakili ɗaya gare ta. Wato ƙuri'ar mutumin Gyaɗi-Gyaɗi ta fi ta mutum biyu na Nasarawa nauyi. Mu ne da riba, amma gaskiya ɗaya ce. A ƙungiyarmu ba mu auna wa wani taki da babban mudu, wani da ƙarami.

Ina tushen matsalar? Rabon da a shata mazaɓun ƙasar nan tun 1996, zamanin soja. Tsarin mulki na 1999 ya ce mazaɓu 360 na Majalisar Wakilai su zama kusan daidai wajen yawan mutane, ya kuma ɗora wa hukumar zaɓe, INEC, nauyin sake duba su bayan shekara goma ko fiye. An ƙara rumfunan zaɓe a 2021, amma iyakokin mazaɓu suna nan yadda suke. Ƙidayar da aka shirya a 2023 ma an ɗage ta. Ga shi filayen da iyayenmu suka noma a bakin birni yau duk gidaje ne.

Sai dai gyaran ma yana da haɗari in aka bar shi a hannun mai son zuciya. A Amurka a 1812 wani gwamna mai suna Elbridge Gerry ya sa hannu a dokar da ta lanƙwasa wata mazaɓa har ta yi kama da ƙadangare, don jam'iyyarsa ta ci. Dabarar iri biyu ce. Ko a tara 'yan hamayya a mazaɓa ɗaya su ci kujera guda, ko a warwatsa su cikin mazaɓu da yawa su rasa ko ɗaya. Ba a saci ƙuri'ar kowa ba, amma an gama zaɓe tun ba a kafa rumfa ba. Mu a Kano mun ga yadda iyaka ke bin mai mulki: an raba masarautar Kano gida biyar a 2019, a 2024 aka soke dokar.

Don haka ga abin da muke roƙo. Na ɗaya, a yi ƙidaya ta gaskiya tukuna. Na biyu, hukumar zaɓe ta buga taswirar da take shirin yi, a manna a kowace gunduma, a saurari jama'a kafin a kai wa Majalisar Tarayya ta amince. Na uku, kada a tsaga unguwa ko ƙauye biyu don amfanin wata jam'iyya. Na huɗu, doka ta sa ranar da ba za a wuce ba, gama wanda tsohuwar iyaka ta kai shi kujera ba zai yi gaggawar taɓa ta ba.

Kada mu ce wannan zancen 'yan boko ne. Wakilin nan shi ke magana a kan taki, da hanya, da rancen noma. A taron ƙungiya mai zuwa mu tattauna batun, mu rubuta takarda, mu tambayi duk mai neman ƙuri'armu ra'ayinsa. Mudun da muka yarda a auna wa maƙwabci yau, da shi za a auna wa 'ya'yanmu gobe.