Wa Ya Ce Araha Ba Ta Ado?

Ina so mu ɗan tattauna kan wata magana da za a ga kamar ƙarama ce, wato gyaran ɗakin da ƙannenmu ɗalibai ke haɗa kuɗi su kama kusa da makaranta. A nawa ganin ya kamata a gyara musu shi, a gyara da kuɗi kaɗan, kuma kada a ci bashin ko kwabo a kansa.

Ni a Sabo aka haife ni, nan Ibadan, ko Badun kamar yadda tsofaffinmu ke cewa. Baba yana sayar da wake da shinkafa a kasuwar Bodija, ni kuma tun da na gama sakandare nake zama tare da shi a rumfa. Ƙanena ne Allah Ya ba sa'a ya samu Jami'ar Ibadan. Gidanmu cike yake da yara, babu inda mutum zai buɗe littafi cikin natsuwa, ga kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Don haka shi da abokansa biyu, ɗaya ɗan unguwarmu, ɗaya Bayarabe daga Ogbomoso, suka kama ɗaki guda a Agbowo, tsallaken ƙofar jami'ar.

Ranar da na je ganin ɗakin jikina ya yi sanyi. Bango duk fumfuna, ƙasa siminti tsirara, taga ba labule ba raga, sai ƙwan lantarki ɗaya yana lilo. Da na dawo na ba Baba labari, sai ya ce, "Ka ba shi tabarma da buta da bokiti. Karatu ya je yi, ba ɗakin amarya za a jera ba." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri ka bar mini wannan aikin, ba zan taɓa kuɗin rumfa ba."

Kada mai karatu ya ɗauka ina ganin laifin Baba ne. Duk wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, inda aka ƙona rumfuna da gidaje, mutane suka tsira da kayan jikinsu kawai, ya san dalilin da ya sa dattawanmu ba sa son tara kaya a ƙasar nan. Maganarsu kullum ita ce, kada ka mallaki abin da ba za ka iya ɗauka ba.

To amma mu ma mu yi wa kanmu adalci. An kafa unguwar Sabo tun 1916, ita kuwa jami'ar sai 1948 aka buɗe ta, wato unguwarmu ta girme ta da shekara 32. Sama da shekara ɗari ke nan muna cewa gobe za mu koma gida. Sai ka ga bawan Allah yana sauke kaya mota-mota, ya gina gida na gani na faɗa a Arewa wanda ba ya kwana a ciki sai lokacin Sallah, amma nan da yake wata goma sha ɗaya a shekara, a kan yagaggiyar katifa yake kwana. Wannan ɗabi'ar ce muke neman miƙa wa ɗalibanmu, kuma ita nake ƙi. Yaron da ke jin kunyar ɗakinsa ba ya zama a ciki. Yau yana ɗakin wane, gobe yana ɗakin wane, har dare ya raba, kuma ba kowane ɗaki ne ake karatu a cikinsa ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wato masu ƙarya. Na san wani yaro a layinmu da shi da abokan zamansa suka manne bango da takardar ado mai tsada, suka ɗauko babbar talabijin bashi, suka zagaye silin da fitilu masu launi. Da wa'adin haya ya cika, takardar ta ɓanɓaro filasta, mai gida ya riƙe kuɗin ajiyarsu gaba ɗaya, su kuma suka yi ta rigima kan wa ke da talabijin har sai da manya suka shiga tsakani. Abotar ta watse a kan haka, bashin kuwa yana nan.

Ga yadda mu muka yi, ko wani zai amfana.

Da farko mun sami mai gidan kafin mu taɓa bangonsa, ya yarda a yi fenti mai haske. Muka kankare fumfunar, muka bar taga a buɗe kwana biyu bangon ya sha iska, sannan muka shafa ƙaramin bokitin fentin ruwa da hannunmu ranar Asabar. Ba mu biya mai fenti ba.

A ƙasa ledar ɗaki muka shimfiɗa, muka ƙi kafet. Nan ba Arewa ba ce, damina takan fara tun wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, kafet kuwa yana riƙe laima ya yi ta wari. Leda sai ka goge da tsumma, shi ke nan.

Taga muka fara sa mata raga saboda sauro, don kuɗin maganin zazzaɓi sau ɗaya ya fi kuɗin ragar. Labule kuma ba mu saya ba. Inna ta ba mu tsofaffin zannuwan atamfa biyu, wani tela a Sabo ya ɗinke bakinsu, muka zura igiya. Duk wanda ya shiga ɗakin su yake fara yabawa.

Littattafai ba a barinsu a ƙasa a garin nan, laima da gara ba za su ƙyale su ba. Na je wajen 'yan katako a Bodija na tsinci guntayen da suka rage a araha, kafinta ya haɗa mana kanta mai hawa uku, kowa da nasa hawan. Muka ƙara da fitila mai caji saboda ɗauke wuta.

Wuri ɗaya ne na yarda cewa araha ba ta ado, wato katifa. Kada ku kuskura ku sayi ta gwanjo, domin in kuɗin cizo ya shiga ɗaki, fitar da shi sai an sha wuya. Ko siririya ce, a sayi sabuwa. In ka cire katifu, duk abin da muka kashe bai kai kuɗin buhun shinkafa ɗaya ba, kuma su uku suka raba.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne takarda. Ni ɗan kasuwa ne, na ga yadda haɗin gwiwa ke raba 'yan uwa. Na zaunar da su na ce, abin da ke ƙarewa a ɗaki, kamar fenti da leda da raga, a raba kuɗinsa uku, kuma ranar tashi babu mai cewa a biya shi. Abin da ake ɗauka kuwa, kamar fanka da risho da fitila, mutum ɗaya ya saya, kowa ya yi amfani, ranar rabuwa mai shi ya ɗauki abinsa. Aka rubuta, kowa ya sa hannu. Nan take kuma suka yi shawara ba a hawa leda da takalmi, aka ware kusurwa ɗaya ta darduma, abokin nasu Kirista shi ma ya zaɓi gefen da zai ajiye littafinsa na ibada.

Bayan sati uku Baba ya biya ta wajen daga kasuwa. Ya zauna a kan ledar, ya dubi labulen ya gane zanen Inna, ya yi murmushi. Na ce, "Baba, duk abin da ke nasa a ɗakin nan, tasi Micra ɗaya za ta kwashe shi." Ya ce, "To, ba laifi." Wanda ya san Baba ya san wannan babban yabo ne.

Don haka ina kira ga iyayenmu da 'yan uwana yayye, in yaro ya kama ɗaki, a daure a je a gani da ido, kada a tsaya ga tura kuɗi kawai. A tambayi mai gida, a duba bango da taga, a zaunar da abokan zama a rubuta abin kowa. Shekara huɗu ko biyar zai yi yana kwana yana tashi a wurin, bai kamata ya yi su kamar mai jiran mota a tasha ba.

Wanda ke da wata dabarar daga Legas, ko Shagamu, ko Fatakwal, ya taimaka mana da ita, don ƙannenmu na nan tafe. Allah Ya ba ɗalibanmu sa'a, Ya kuma zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.