A Sake Duba Lokacin Zaɓen Ƙananan Hukumomi



Hukumar zaɓe ta Jihar Jigawa ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a ƙarshen watan Yuni a 2019 da 2021, na 2024 kuwa ranar 5 ga Oktoba. Duk manomin Gagarawa ko Sule Tankarkar ya san Yuni lokacin shuka ne da noman firi, Oktoba kuwa girbi ake yi. Wa zai bar gonarsa ya wuni a layi?

A ganina, a mai da zaɓen ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba. A lokacin amfani ya shiga rumbu, matasa ba su watse ci-rani ba, masu tafiya gida Kirsimeti kuma ba su tashi ba tukuna. A bar shi ranar Asabar yadda aka saba, kada ya ci karo da Juma'a, ko Lahadi, ko Alhamis ta kasuwar Maigatari.

Ba mu da yawa a nan, shi ya sa kowace ƙuri'armu take da daraja. Wurin kansila da ciyaman muke zuwa kan maganar maƙabarta, ko rijiyar burtsatse. Wanda bai yi zaɓe ba, da wane baki zai yi tambaya?

Muna roƙon shugabannin CAN na Gumel da kewaye su haɗa kai da maƙwabtanmu Musulmi, tunda damina ɗaya muke yi, su rubuta wa hukumar zaɓe da Majalisar Dokokin Jiha.

Ubangiji ya bishe mu. Amin.