Famfon da ke rufe kansa: darasi daga wani wurin kiwon kifi a Yawuri

A cikin watan Afrilun bana, ana tsakiyar bazara, wani ɗan baffana da ke kiwon tarwaɗa a bayan gidansa a garin Yelwa ya kira ni da sassafe. Ya fito daga sallar asuba ya tarar da tsakar gida ta zama fadama, tankin da ke bisa hasumiya ya ƙare ƙaf, ƙananan kifayen da ya zuba makonni uku kafin nan kuma suna warwatse a kan yashi, kaji na bi suna tsincewa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, ya kashe kuɗi ne musamman don kauce wa irin wannan rana. Ya sa an haɗa masa na'urar da ke ƙara ruwa da kanta idan ya ragu, ta kuma tsaya idan ya cika.

Hukuncinsa na farko shi ne injin ne ya lalace, har ya soma tambayar farashin sabo. Da mai aikin famfo ya zo ya kwance bakin bututun, sai ga ƙwayar tsakuwa da ba ta kai girman ƙwayar dawa ba, ta maƙale a daidai inda robar ke toshe ruwa. Injin lafiyarsa lau.

Tun daga ranar nake bibiyar wannan batu, kuma ra'ayina shi ne: na'urar cika ruwa abar amfani ce, ya kamata masu kiwon kifi da masu kula da rijiyoyin burtsatse a ƙasar Yawuri su rungume ta. Amma duk wanda ya haɗa ta bai tanadi abin da zai faru ranar da ta gaza ba, ya ɗaura wa jarinsa tarko ne da hannunsa.

Tsohuwar dabara ce

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Akwai ƙwallon roba da ke iyo a kan ruwa, wanda masu aikin famfo ke kira fulot, an haɗa shi da wani hannu. Idan ruwa ya sauka, ƙwallon ya bi shi ƙasa, hannun ya buɗe bakin bututu. Idan ruwa ya hau, ƙwallon ya taso ya toshe bakin. A wani nau'in kuma, ƙwallon makunnin lantarki ne, shi ke tayar da injin ya kuma kashe shi.

Wannan hikima ta girmi wutar lantarki da ƙarnuka masu yawa. Ktesibiyos na birnin Iskandariyya ya yi amfani da ita a agogonsa na ruwa tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ƙarni na 9 Miladiyya kuma, 'yan'uwa uku da aka sani da Banu Musa, wato Muhammad da Ahmad da Hasan, sun rubuta Kitabul Hiyal a Bagadaza, inda suka zayyana na'urori kusan 100, ciki har da kwatarniyar da ke sake cika kanta duk lokacin da aka ɗebi ruwanta.

A yau babu waɗanda suka ƙure nazarin kurakuran wannan na'ura kamar masu kiwon kifin teku na ado a cikin akwatin gilashi, a Turai da Amurka da Asiya. Dalilinsu mai ƙarfi ne. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Idan ruwa ya tashi a matsayin tururi, shi kaɗai yake tafiya, gishirin yana nan. Akwati mai lita 200 da ya rasa lita 10, gishirinsa zai hau zuwa kusan giram 37 a kowace lita. Don haka suke mayar da gurbin da ruwan da ba shi da gishiri. Idan na'urar ta ƙi buɗewa, gishiri ya yi yawa. Idan ta ƙi rufewa, ruwan ya salance, halittun da aka sayo da tsada su mutu a dare ɗaya. Gogewa ta koya musu cewa gazawa ta biyu ta fi ta farko muni nesa ba kusa ba, domin ƙarancin ruwa a hankali yake zuwa har mutum ya lura, ambaliya kuwa sa'o'i kaɗan sun ishe ta.

Mu ba mu kiwon kifin teku, amma wannan darasi namu ne.

Abin da ruwan Kainji ke yi wa na'ura

Tun da aka tare Kogin Neja a Kainji a 1968, aka tayar da mutane kimanin 44,000 daga tsibirai da ƙauyukan bakin ruwa, rayuwar ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga ta koma bin hawa da saukar tafkin. Kogin yana kawo ambaliya biyu a shekara. Ta farko, wadda masana ke kira farar ambaliya, tana zuwa ne daga wajen Agusta zuwa Oktoba, daga ruwan saman da ya sauka a yankinmu, ciki har da kwarin Sakkwato da Rima, kuma cike take da laka. Ta biyu, baƙar ambaliya, ruwan tsaunukan Gini ne da ya ratsa fadamun Mali ya baro lakarsa a can, sai ya iso nan garau a cikin hunturu. Daga nan tafkin ya riƙa ja da baya har zuwa tsakiyar damina, bambancin kan kai kusan mita 10.

Wannan yana da ma'ana biyu ga mai na'ura. Wanda ke jan ruwa daga tafki ko daga rijiya marar zurfi a bakin gaɓa, a lokacin farar ambaliya laka da yashi za su riƙa shiga bututunsa, su ne kuma ke hana fulot rufewa. A ƙarshen rani kuwa ruwan na iya sauka ƙasa da bakin tiyon. Makunnin da ke kan tanki bai san da haka ba. Abin da ya sani kawai tanki bai cika ba, don haka zai bar injin yana juyawa babu ruwa har ya ƙone, tunda ruwan da injin ke ja shi ne ke sanyaya shi.

Ta ina ake fara bincike?

Kuskuren da ɗan'uwana ya so ya yi, shi ne kusan kowa ke yi: a fara zargin abin da ya fi tsada. Daidai shi ne a fara da abin da ya fi araha, a kuma fara da tambaya ɗaya: ruwan ya ƙi zuwa ne, ko ya ƙi tsayawa?

Idan ya ƙi tsayawa, a ɗaga ƙwallon da hannu har sama. In ruwa ya ɗauke, to matsalar tana ga ƙwallon: ko gansakuka ta riƙe hannunsa, ko ya fashe ruwa ya shige shi ya yi nauyi. A girgiza shi kusa da kunne, za a ji. In kuma an ɗaga shi ruwa bai daina zuba ba, to datti ne a bakin, ko robar ta cinye.

Akwai hali na uku da ke rikita mutane ƙwarai: an kashe injin, amma ruwa na ci gaba da kwarara. Duk wanda ya taɓa zuƙo fetur daga tankin babur da tiyo ya san sirrin. Matuƙar mafarin ruwa ya fi mazubarsa tudu, kuma tiyon a cike yake, ruwa zai bi da kansa ba tare da inji ba. Haka nan idan aka bar bakin tiyo a nutse cikin ruwan kifi, da zarar injin ya tsaya, ruwan kan juya baya ya kwashe ƙazantar kifi zuwa rijiyar da iyali ke sha. Maganin ba ya cin ko kwabo: a ɗage bakin tiyon ya tsaya sama da fuskar ruwa, a bar iska a tsakaninsu.

Idan kuwa ruwan ya ƙi zuwa, a duba ko akwai ruwa a mafari, sannan matatar bakin tiyo, sannan wayoyi, sannan ƙurar hunturu da ke lulluɓe faifan sola. Injin shi ne na ƙarshe a layi.

Laifin da na'urar ke ɓoyewa

Wannan ɓangaren ya fi damuna, domin a nan na'urar tana aiki daidai, amma tana cutarwa.

Kafin a haɗa ta, idan kwamin kifi ya tsage, mai shi zai ga ruwa ya ragu ya nemi dalili. Bayan an haɗa ta, kullum ruwa a cike yake, yoyon na nan yana cin ƙasan ginin, babu mai sani. Gwajin mai sauƙi ne. A rufe na'urar, a cika bokiti a ajiye shi a gefen kwamin, a sa alama a matakin ruwan kowanne, a dawo bayan kwana ɗaya. Zafin rana zai sauke su kusan daidai da juna. In na kwamin ya fi sauka sosai, akwai yoyo. A lissafi, kwami mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3, idan rana ta sauke shi da milimita 8, lita 96 ke nan. Wanda ya ga tankinsa na lita 1,000 yana ƙarewa kullum a kan irin wannan kwami, to ruwa ba ya tsami banza.

Abu na biyu da take ɓoyewa shi ne lalacewar ruwan kansa. Kamar yadda tururi ke barin gishiri a akwatin kifin teku, haka yake barin kashin kifi da ragowar abinci da sinadarin amoniya a kwamin tarwaɗa. Ƙara ruwa dabam, canza ruwa dabam. Tarwaɗa tana da juriya saboda tana iya shaƙar iska daga sama, shi ya sa takan daɗe tana shan wahala kafin mai ita ya farga. Karfasa ba ta da wannan gata.

Manyan injiniyoyi ma sun faɗa irin wannan rami. A ranar 28 ga Maris, 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania ta Amurka, wani bawul ya maƙale a buɗe fiye da sa'o'i biyu, ruwan sanyaya tukunyar na tsiyayewa. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta sa sun ɗauka ya rufe, alhali abin da take nunawa shi ne an aika masa umarnin rufewa. Wani sashe na cikin tukunyar ya narke. Alama tana faɗin abin da aka gina ta ta faɗa ne kawai.

To, a koma ga tiyo da yaro?

Wasu dattawan masunta da na tattauna da su suna ganin haka, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: abin da ba ka haɗa ba, ba zai lalace maka ba. Sai dai yaron da aka bar wa tiyo shi ma yakan yi barci, ko a aike shi kasuwa ya manta. Ambaliyar mantuwa ta riga ta na'ura zuwa duniya. Kuma mai kwami shida da ke zuwa gona ko ofis ba zai iya tsayuwa a kan kowanne ba.

Mafita ita ce a ƙayyade iyakar ɓarnar tun kafin ta auku. A sa bututun fitar da rarar ruwa ɗan ƙasa da leɓen kwami, mai faɗi fiye da na shigowa, a rufe bakinsa da raga. Da ɗan'uwana yana da wannan, da ruwa kawai zai yi asara. Kada a haɗa kwami kai tsaye da babban tanki, a ratsa ta ƙaramin duro wanda ko ya juye duka ba zai tumbatsa kwamin ba. A sa matata kafin fulot, a wanke ta duk mako, a ninka hakan a lokacin farar ambaliya. A sa makunni na biyu a cikin rijiya, wanda zai kashe injin idan ruwa ya ja. Da dare kuma a rufe famfon da hannu, domin tururin dare bai kai abin da za a bar ƙofa a buɗe saboda shi ba. Daga ƙarshe, a ajiye ɗan littafi ana rubuta yawan ruwan da ake ƙarawa kullum. Ranar da adadin ya canza ba dalili, ranar ce ta kiran mai gyara.

Abin da ya wuce gida ɗaya

Matsalar ba ta tsaya ga masu kifi ba. Wanda ya bi hanya daga Yelwa zuwa Wara, ko ya nufi Shanga, zai ga tankunan burtsatse masu aiki da hasken rana, wasu suna tumbatsa da tsakar rana. Ruwan na zaizaye gindin hasumiyar, yana kwanciya ya zama gidan sauro. Wasu kuma sun daɗe a bushe. Ba kowace burtsatse da ta mutu ce fulot ya kashe ba, amma kayan da ke hana tumbatsa da ƙonewar inji suna cikin mafi araha a duk aikin.

Saboda haka ina ganin ya dace ƙananan hukumomin uku, da hukumar HYPPADEC da aka kafa don raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, su sanya waɗannan kayan kariya cikin sharuɗɗan kowace kwangilar burtsatse, tare da horar da mutum biyu daga cikin al'ummar kafin a miƙa musu aikin. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, NIFFR, tana nan New Bussa, kusa da madatsar. Takarda mai shafi ɗaya da Hausa, mai zane, da za a raba wa masu kiwo a ranar kasuwar Yawuri, za ta tsare jarin mutane da yawa.

Ɗan'uwana ya sake zuba kifi bayan Babbar Sallah. Fulot ɗin nan dai shi ne a wurin, an wanke shi an mayar. Abin da ya ƙaru shi ne bututun rara mai raga, da duro a tsakani, da wani littafin makaranta da ke rataye a ƙusa kusa da kwamin. Kowace safiya, kafin ya watsa abinci, sai ya danna ƙwallon ƙasa da yatsa ya ga ruwa ya zubo, ya sake shi ya ga ya tsaya. Ya ce mini abin ba ya ɗaukarsa minti ɗaya.